FigJam da Figma a aikin ɗalibai shida: allo ne mai kyau, amma ya fi son masu aikin ido

A zangon karatun da ya wuce an haɗa mu mu shida daga sassa daban-daban, aka ce mu fitar da aiki guda ɗaya don baje kolin ƙarshen shekara. Ni ɓangarena zanen talla da ɗab'i ne. Akwai ɗaliba mai zanen fenti, da wata mai zanen yadi da rini, da ɗalibin zanen gine-gine, da ɗalibin kiɗa da haɗa sauti, sai ɗalibin kwamfuta. Abin da muka tsayar shi ne ƙaramin ɗaki da mai kallo zai ratsa ta tsakanin yaduka da aka rataya daga sama, sautin ɗakin yana sauyawa gwargwadon inda mutum ya tsaya, sannan fosta da ɗan littafin da za a ba baƙi a ƙofa. Duk tsare-tsaren mun yi su ne a FigJam da Figma, manhajoji biyu na zane da tsara aiki tare ta intanet, kuma su nake son in yi magana a kansu, don na san akwai ɗalibai da dama da za a jefa cikin irin wannan haɗin gwiwa ba tare da an gaya musu inda za su zauna su yi tunani tare ba.

Hukuncina tun daga farko: zan sake amfani da su, kuma zan ba wani shawarar ya yi. Sai dai kayan aiki ne da masu zanen fuskar manhaja suka ƙera wa 'yan'uwansu, kuma wannan asalin yana bayyana a ko'ina. Wanda aikinsa shimfiɗaɗɗe ne ana ganinsa da ido, gidansu ya zo. Wanda aikinsa sai an taɓa, ko an saurara, ko an shiga ciki, baƙo ne, ko da an yi masa kyakkyawar tarba.

Kamfani ɗaya ne ke da su biyun. Dylan Field da Evan Wallace, waɗanda suka haɗu a Jami'ar Brown ta Amurka, su suka kafa shi a 2012, aka buɗe Figma ga jama'a a 2016. Abin da ya bambanta shi a lokacin shi ne a cikin burawuza yake aiki, kuma mutane da yawa za su iya shiga fayil ɗaya su yi ta gyara a lokaci guda. FigJam ya zo daga baya, a 2021: farin allo ne marar iyaka, na liƙa 'yan takardu, jan kibiya, zane da hannu da jera hotuna. Ɗalibai da malamai suna samun tsarin ilimi kyauta idan sun tabbatar da cewa suna makaranta, kuma akan nemi a sake tabbatarwa bayan wani lokaci. Wannan matakin mu duka mun wuce shi ba da wata wahala ba.

Abin da ya fara saye ni ƙaramin abu ne. Kowa ya shiga allon, za ka ga kibiyar linzaminsa da sunansa a jiki tana yawo. Idan ka danna hoton mutum a sama, allonka zai riƙa bin nasa, inda ya matsa ka matsa, inda ya ƙara girma ka ga ya ƙaru. A aikin masu sana'a ɗaya wannan ƙawa ce kawai. A namu kuwa ya zama hanyar fahimtar juna. Ɗalibin gine-gine idan yana bayani da baki, rabinmu ɓacewa muke yi, domin yana magana ne a kan abin da yake gani a kansa daga sama, mu kuma muna tunanin ɗakin daga ƙofa. Da muka fara bin allonsa, muna ganin yadda yake tsayawa a kan kusurwa ɗaya ya daɗe kafin ya ce komai, sai muka gane abin da ke damunsa: faɗin hanyar da za ta rage idan aka rataya yadi a nan. Bai taɓa iya faɗin hakan a taƙaice ba, amma linzaminsa ya faɗa.

A makon farko FigJam ya yi mana aikin da ya fi kowane amfani. Mun ware wa kowa fili, muka ce ya zuba abin da yake gani idan an ce "ɗaki mai motsi", ba tare da ya rubuta dogon bayani ba. Mai fenti ta zuba launuka masu duhu da ruwa-ruwa. Mai yadi ta sa hotunan ƙyalle mai shara-shara da haske ke ratsawa. Mai sauti ya rubuta kalmomi uku ya tsaya. Mai kwamfuta ya zana akwatuna da kibiyoyi. Kallo ɗaya aka yi aka ga cewa kalma ɗaya muka amince da ita a zaman farko, amma ɗakuna shida daban muke ginawa. Da a saƙon waya muke ta musayar ra'ayi, da sai an sayi kaya kafin a gano haka.

Akwai agogon ƙidaya a cikin allon, wanda kowa ke gani, kuma akwai tsarin jefa ƙuri'a da ke ɓoye zaɓin kowa har sai an gama. Na biyun nan ba ƙaramin abu ba ne. A kowace ƙungiya akwai mai murya, kuma akwai wanda idan mai murya ya riga shi magana sai ya ce shi ma haka yake gani. Mai yadinmu irin mutanen nan ne marasa son jayayya. Da aka yi zaɓi a ɓoye tsakanin tsare-tsare uku na hanyar da baƙo zai bi, tsarin da ta kawo ne ya fi samun ƙuri'a, alhali a zaman baki ko ambatonsa ba a yi sosai ba.

Inda na fi jin daɗin kayan aikin shi ne taswirar ɗakin. Figma ba ya auna santimita ko mita, fiksel kawai ya sani, wato ƙananan ɗigogin da ke haɗa hoto a fuskar kwamfuta. Ɗalibin gine-gine, wanda ya saba da ma'aunin 1:50, ya ɗan ɓata rai da farko, sannan ya kawo dabara mai sauƙi: mu ɗauki fiksel ɗaya a matsayin santimita ɗaya. Ya zana ɗakin a haka, ya kulle zanen don kada wani ya ture bango da kuskure, sannan kowa ya ɗora nasa a sama. Mai yadi ta ja layuka inda kowane ƙyalle zai sauko. Mai sauti ya sa da'irori masu launi, kowace da'ira tana nuna iyakar inda sautin lasifika ɗaya zai kai. Mai kwamfuta ya sa alamomi inda na'urorin gane motsi za su zauna, waɗanda zai haɗa da Arduino, wata 'yar na'urar lantarki da ake tsara wa umarni. (Shi kansa Arduino don ɗaliban zane aka fara yin sa, a wata makarantar zane da ke Ivrea a Italiya a 2005, abin da mai kwamfutarmu ba ya gajiya da tuna mana.) Da aka ɗora duka a wuri ɗaya sai matsaloli suka fito da kansu. Yadi mai kauri ya tsaya daidai gaban na'urar gane motsi. Da'irori biyu na sauti sun hau juna a wurin da ya kamata a yi tsit. Waya ɗaya za ta ratsa hanyar da mutane za su taka. Babu ɗaya daga cikinmu da zai ga waɗannan shi kaɗai, domin kowace matsala tana zaune ne a tsakanin sana'o'i biyu.

Wannan ya tuna mini da rumfar kamfanin Philips a baje kolin duniya na Brussels a 1958, wadda malaminmu ya kawo mana a matsayin misali. Mai zanen gini Le Corbusier ne ya karɓi aikin, Edgard Varèse ya yi kiɗan, aka haɗa gini da sauti da hotuna a wuri ɗaya. Amma mutumin da ya riƙe tsakiyar aikin shi ne Iannis Xenakis, wanda injiniya ne mai zanen gini kuma mai tsara kiɗa, wato yana jin yaren ɓangarorin biyu. Ƙungiyar ɗalibai ba ta cika samun irin wannan mutum ba. Taswirar nan ta ɗauki wani kaso na aikinsa, kaso kaɗan, amma ya isa ya hana mu yin karo.

Tsokaci ma an tsara shi da hankali. Ba a ƙasan shafi ake rubuta shi ba, a kan ainihin wurin da ake magana ake manna shi, kuma idan an warware sai a rufe shi. Malaminmu ya shiga da izinin kallo kawai, ya bar mana tambayoyi a kan taswirar, kowace a mazauninta. Tarihin fayil kuma yana ba da damar a sa wa wani matsayi suna a koma masa daga baya. Mun mayar da shi al'ada kafin kowane babban sauyi a ajiye matsayi da suna, kuma hakan ya rage gardama sosai, domin mutum ya fi yarda a gwada ra'ayin wani idan ya san nasa bai mutu ba.

A ɓangarena na fosta da littafi, Figma ya ba ni abin da nake so wajen daidaita kamanni. Na ɗebo launuka daga zanen mai fenti na ajiye su a matsayin launukan aikin, na tsayar da nau'in rubutu, na yi uwar siffa guda ta alamar baje kolin wadda idan na gyara ta duk kwafinta ke gyaruwa. Mai kwamfuta ya ɗauki lambobin launin kai tsaye ya sa a ƙaramin allon da ke bakin ƙofa. Tsakanina da shi babu abin da ya ɓace a hanya, kuma ba mamaki, don dama saboda irinmu aka yi kayan.

To, a nan ne maganar ta juya.

Yadi ba ya shiga allo. Hotonsa ne ke shiga, kuma hoto ba ya nuna nauyi, ba ya nuna yadda ƙyalle ke kaɗawa idan mutum ya gifta, ba ya nuna bambancin auduga da siliki a hannu. Figma yana rage duk hoton da ya wuce fiksel 4096 a faɗi ko tsawo, wanda ba matsala ba ce ga mai zanen manhaja, amma ga mai son a ga zare da zare na saƙa, ko shatin burushi a kan fenti, an rage abin da ya fi muhimmanci. Launi kuwa kowane allo da yadda yake nuna shi. Shuɗin da muka amince da shi a kwamfutoci shida shuɗi shida ne, kuma babu ɗayansu da ya yi daidai da wanda ya fito daga rini bayan ya bushe. Mai yadi ta daina gardama da mu a allo, ta riƙa zuwa da 'yan yanke-yanken ƙyalle a jaka tana ajiye mana a tebur. Ita ce ke da gaskiya.

Sauti ya fi yadi zama baƙo. Mai sautinmu a wata manhaja yake aikinsa, ya ajiye fayil a wani wuri, ya liƙa mahaɗi a allon. Abin da sauranmu ke gani ɗan akwati ne a gefe, kusa da manyan hotuna masu ɗaukar ido. Hoto kallo ɗaya ake masa a ba da ra'ayi, sauti kuwa sai an tsaya, an sa abin kunne, an ba shi minti biyu ko uku. Sakamakon haka zanena ya tara tsokaci rututu, nasa kuma da ƙyar ake samun mai cewa komai. Ba wai ba a damu da shi ba ne, tsarin wurin ne ke jan ido zuwa inda launi yake. Sai da muka sa doka cewa kowane zama da sauraro za a fara, kowa ya yi shiru, kafin a buɗe allon.

Gini ma haka. Taswira daga sama ta yi mana rana, amma tsawo da zurfi da yadda haske ke faɗowa ba sa fitowa a shimfiɗe. Ɗalibin gine-gine ya koma SketchUp, manhajar zana gini mai nuna tsawo da zurfi, ya gina ɗakin, ya riƙa ɗauko hotuna yana liƙa mana, daga baya kuma ya yi samfuri da kwali da zare. Samfurin kwalin nan, wanda za ka iya ɗaga shi ka leƙa ta ƙofarsa, ya warware batun tsawon yaduka cikin zama ɗaya.

Har ni da nake ɗan gida akwai inda kayan suka tsaya mini. Figma da launin allo yake aiki, na ja da kore da shuɗi, ba shi da tsarin tawada huɗu da maɗaba'a ke nema, kuma ba shi da wurin saita rarar gefe da ake yankewa bayan bugu. Takardar A4 a wurinsa fiksel 595 ne da 842. Ana iya fitar da PDF, kuma don gwaji ko nuna wa malami ya wadatar. Amma fostar ƙarshe da littafin a manhajar ɗab'i na kammala su. Mai InDesign ya yi da shi, wanda ba shi da shi akwai Scribus, kyauta ne kuma ya san launin maɗaba'a. Haka nan fayilolin Photoshop da Illustrator ba sa buɗewa kai tsaye, sai an mayar da su fayilolin hoto irin PNG ko SVG. Adobe, kamfanin da ke da Photoshop da Illustrator, ya yi yunƙurin sayen Figma a 2022, aka fasa a ƙarshen 2023 bayan hukumomin kula da gasar kasuwanci na Tarayyar Turai da Birtaniya sun nuna rashin amincewa, saboda haka gidaje biyu ne har yanzu, kowa da irin fayilinsa.

Abin da ya fi damuna, kuma ban ga ana yawan faɗinsa ba, shi ne yadda allon ke zama kamar shaidar wanda ya yi aiki. Kowace 'yar takarda a FigJam tana ɗauke da sunan wanda ya liƙa ta, sai dai in an cire. Tsokaci ma da suna. Duk wanda ya buɗe allonmu zai ga sunana da na mai kwamfuta ko'ina, domin mu dama a gaban kwamfuta muke wuni. Mai yadi kuwa tana can tana auna, tana rini, tana ɗinki, hannunta duk launi, ba ta da lokacin liƙa takarda. Mai fenti ma haka. Idan malami ya ɗauki allon a matsayin ma'aunin gudummawa, zai zalunci waɗanda suka fi kowa shan wahala. Mu mun ware fili guda muka ce duk wanda ya ziyarci ɗakin aikin wani ya ɗauki hoto ya sa a nan da sunan mai aikin. Ya taimaka, amma gyara ne da muka yi da kanmu, kuma sai mun lura da matsalar kafin muka yi shi. Ina ganin duk malamin da zai ba da maki a irin wannan aiki ya kamata ya san da wannan karkata.

Akwai kuma bambancin iyawa. FigJam kowa na iya kama shi cikin zama ɗaya, mai fenti da ba ta son kwamfuta ma ta saba da shi nan da nan. Figma kansa sai an koya. Wanda ya iya shi yakan zama mai riƙe alƙalami ba tare da an zaɓe shi ba: ana magana, shi yana zanawa, kuma abin da ya zana shi ke zama matsaya, don ya riga ya yi kama da gamammen abu. Zane mai tsabta yana da kwarjini da bai cancanta ba a farkon aiki. Shawarata a daɗe a FigJam, inda komai ke kama da gwaji, kada a yi saurin ƙaura zuwa Figma. Da aka tsaftace abu, mutane kan ji nauyin cewa a rushe shi.

Maganar na'ura da intanet gajera ce. Sai da intanet ake buɗe fayil. Idan ya yanke kana tsakiyar aiki za ka iya ci gaba a fayil ɗin da ke buɗe, ya haɗe sauye-sauyen idan ya dawo, amma ba za ka buɗe wani ba. Fayil mai hotuna da yawa yana yi wa ƙaramar kwamfuta nauyi, domin akwai iyakar ƙwaƙwalwar da shafin burawuza ɗaya ke iya ci, don haka gara a raba allon hotunan bincike da allon taswira. Manhajar waya ta kallo ce da tsokaci, ba ta zane ba. Mai iPad kuwa zai iya zana da alƙalami a FigJam, kuma mai fentinmu a nan ne kawai ta ji kamar hannunta ne ke aiki.

Wasu za su tambaya me ya sa ba Miro ba. Miro ya girmi FigJam, tun 2011 yake, da sunan RealtimeBoard kafin a sauya masa suna a 2019, kuma a matsayin farin allo kawai ba ya kasa. Idan a ƙungiyarku babu mai zanen talla ko fuskar manhaja, ban ga dalilin da zai sa ku nace wa FigJam ba. Mu mun zaɓe shi ne saboda yana manne da Figma, abin da aka tsara a can ana kwafo shi nan ba tare da an fita gida ba. Jamboard na Google, wanda wasu malamai suka saba da shi, an rufe shi a ƙarshen 2024, don haka ba ya cikin lissafi.

Rufe Jamboard ɗin ma ya isa ya tuna wa mutum cewa duk waɗannan alluna a kwamfutocin wani kamfani suke zaune, kuma damar ɗalibi tana ƙarewa idan karatu ya ƙare. Figma da FigJam duka suna ba da damar sauke kwafin fayil zuwa kwamfutarka, kuma ana iya fitar da allon a matsayin PDF ko hoto. Bayan an sauke yaduka an kwance lasifikoki, mun fitar da taswirar da allon makon farko da filin hotunan ɗakunan aiki, kowa ya karɓi kwafinsa. Mai sauti ya ƙara da nasa fayilolin a jaka ɗaya, don mahaɗan da ya liƙa a allon ba za su yi wani amfani a cikin PDF ba idan wurin ajiyar ya sauya. Waɗannan su ne za su shiga kundin ayyukan kowannenmu idan an zo neman aiki ko ƙarin karatu, kuma masu dubawa sukan so ganin yadda aka bi aka kai ga ɗakin fiye da hoton ɗakin kansa.